Farin Shafi a Dalcahue

Ƙarfe sha ɗaya na dare,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar mai bin bashi.
Na buɗe wikinmu na masassaƙan jiragen ruwa
don in ƙara awon ƙashin bayan kwale-kwale
da Don Evaristo ya faɗa mini da rana,
sai shafi ya fito fari fat.
Can sama, lamba ɗari biyar,
ba sallama, ba bayani.

Shekara shida muna tara abin nan,
shafi dubu da ɗari biyu da 'yan kai:
wane icce ke jure gishiri,
wanne ke ruɓewa ta ciki yana ƙyalli a waje,
yadda ake lanƙwasa katako da tururi,
sunayen tsofaffin da suka tafi da hannayensu
suka bar mana abin da baki ya faɗa.

Kaina na fara tuhuma.
Jiya na ɗora sabon ƙari na taswira,
na ce shi ke nan, ni ce.
Na cire shi. Fari.
Na cire na hotuna, na cire na lissafi,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zare ƙusa
yana neman inda ruwa ke shiga.
Na bi fayil ɗin saiti layi-layi,
ko na manta waƙafi, ko na bar baka a buɗe.
Babu.
Shayi ya huce,
kare ya gaji da kallona ya juya baya.

Sai ƙarfe biyu na tuna da kundin kurakurai,
ɗakin nan da ba na son shiga.
Layi guda ya maimaita kansa sau ɗari huɗu:
an kasa rubutu, babu wuri.
Babu wuri?
Mu da ko rabin rabonmu ba mu ci ba?
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na rubuta wa masu masaukinmu a Santiyago,
waɗanda muke biya haya duk wata
kan na'urar da ban taɓa sa wa ido ba.
Amsar farko inji ne: an karɓi kokenki.
Ta biyu wani yaro ne,
wai in kashe kwamfutata in kunna.
Na kashe, na kunna, na haɗiye abin da na so faɗa,
na tura masa layin nan sau uku a jere.

Gab da asuba wata Maite Quilodrán ta kira,
muryarta ta wadda ita ma ba ta runtsa ba.
Ta ce, Doña Ximena, daina tonon gidanki.
Ran Talata muka kwashe ku zuwa sabuwar uwar garke,
ku ɗari uku kan faifai ɗaya.
Maƙwabcinki mai sayar da takalma
ya jibge hoto dubu arba'in, ya toshe wa kowa ƙofa.
Ina jin yatsunta suna gudu.
Ta ce, duba yanzu.

Shafi ya dawo, amma tsugune ba ta ƙare ba.
Duk harafi mai ɗigo ko hula ya ɓace,
sunan tsibirinmu kansa, Chiloé,
ya ƙare da alamar tambaya.
Sabuwar na'ura na karanta rumbunmu
da lafazin da ba namu ba.
Muka yi dariyar marasa barci.
Ta sauya layi ɗaya, haruffa suka sa hulunansu.

Kafin in kwanta na kwafe komai
a faifai biyu, ɗaya na sa a gwangwanin biskit.

Da hantsi na sami Don Evaristo bakin ruwa
yana shafa ƙaro a haƙarƙarin jirgi.
Na ba shi labari tun daga farin shafi.
Bai ɗago ba.
Ya ce, jirgi in ya kwana wani wuri daban,
turken da aka ɗaure shi ake fara dubawa.
Can ya ce, awon jiya kin rubuta?
To ki gyara.
Ba taku bakwai ba ne, bakwai ne da tafin hannu.